Yadda Ake Neman Haƙoran Megalodon da Yadda Ake Adana Su

Wanda ya fita bakin teku yana zura ido ko'ina don ya tsinci haƙorin megalodon, yawanci da ciwon wuya yake komawa gida. Masu samu sukan fara ne da neman tsakuwa: wata irin baƙar tsakuwa mai nauyi da ruwa ya wanko daga tsohuwar shimfiɗar ƙasa ya tara ta wuri guda. Inda wannan tsakuwar take, nan haƙoran suke. Kusan duk dabarun wannan harka a kan gane ta da isa gare ta suke.

Megalodon ƙaton kifin shak ne da ya yi zamani a tekunan duniya daga kimanin shekara miliyan 23 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce. Masana na kiransa Otodus megalodon, kodayake a tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta Carcharodon ko Carcharocles. Yawancin ƙiyasin tsawon mafi girmansu yana tsakanin mita 15 zuwa 20. Ƙiyasi ne kawai, domin jikin kifin shak guringuntsi ne, ba ƙashi ba, kuma guringuntsi ruɓewa yake yi. Haƙori kuwa ba ya ruɓewa da sauƙi, ga shi kifin shak yana zubar da haƙora yana sake wasu tun daga haihuwa har mutuwa. Kifi ɗaya kan zubar da dubbai. Waɗanda laka ta binne da wuri, ma'adinan ƙasa sun ratsa su sun mai da su dutse, sun kuma ba su launi. Saboda haka launin haƙori ba ya nuna shekarunsa, irin ƙasar da ya kwanta a ciki yake nunawa: baƙi da toka-toka daga laka mai fosfet (ma'adinin da ake yin takin zamani da shi), ruwan ƙasa da ja-ja daga ƙasa mai sinadarin ƙarfe, fari-fari daga ƙasa mai farar ƙasa.

Sanin abin da ake nema

Haƙorin kashi uku ne. Akwai kai, wato ɓangaren nan mai kusurwa uku da ɓawo mai sheƙi ya lulluɓe. Akwai saiwa, mai kauri, marar sheƙi, mai ƙananan ƙofofi, wadda ta rabu gida biyu. Tsakaninsu kuma, a fuskar da ta yi tozo, akwai wata ɗamara mai duhu da ta yi siffar harafin V, wadda masu harkar ke kira burlet. Fuskar mai tozo ita ce ke kallon cikin baki, shafaffiyar kuma ita ce ke kallon waje. Sababbin shiga sukan ɗauka akasin haka ne.

Gefunan kan haƙorin suna da tsaga-tsaga irin na bakin zarto, ƙanana ƙwarai, masu daidaito. Wannan da burlet su ne shaidu biyu da ke raba megalodon da sauran. Haƙorin farin shak, wanda har yau yake raye, tsaga-tsagarsa manya ne, ba su da daidaito sosai, haƙorin siriri ne, ba shi da faffaɗan burlet, kuma da wuya ya kai inci 3. Haƙorin Carcharodon hastalis, wani shak da shi ma ya shuɗe, wanda ake yawan samu a ƙasa ɗaya da megalodon, gefensa sumul yake, babu tsaga ko ɗaya.

Sai kakannin megalodon, waɗanda su ma manya ne, kuma ana ruɗa su da shi. Abin dubawa shi ne 'yan kunnuwa biyu a gindin kan haƙorin, ɗaya dama ɗaya hagu. Otodus obliquus, mafi tsufa, wanda ake tonowa da yawa a ma'adinan fosfet na yankin Khouribga a Maroko, yana da kunnuwa manya kuma ba shi da tsaga. Otodus angustidens, wanda aka fi sani a yankin Summerville ta Karolina ta Kudu, yana da kunnuwa da tsaga duka. Otodus chubutensis kunnuwansa sun ƙanƙance har sun kusa shafewa. Babban megalodon ba shi da su. Tsakanin chubutensis da megalodon iyakar ba ta fito fili ba, domin a hankali kunnuwan suka ɓace cikin miliyoyin shekaru, don haka akwai haƙoran da masana biyu za su duba su ba su suna daban-daban. Shekarun ƙasar da aka samo haƙorin ne kan raba gardama.

Kada ka sa a ranka cewa kowane haƙori cike yake da tafin hannu. Mafi girman da aka sani sun ɗan haura inci 7, kimanin santimita 18, kuma ba su da yawa a duk duniya. Abin da aka saba samu inci 1 ne zuwa 4, kuma gutsattsari sun ninka cikakku yawa. Haƙoran can ƙuryar baki gajeru ne, faɗinsu ya fi tsayinsu, wani bai kai inci ɗaya ba ko da na babban kifi ne. Mutane da yawa sun zubar da irinsu saboda ba su yi kama da na hoto ba.

Inda ƙasar take

Haƙorin megalodon yana fitowa ne daga lakar tsohon teku mai shekarun da aka ambata. Idan ƙasar wurin ta girmi haka ko ba ta kai ba, ko kuma ba ƙarƙashin teku ta kwanta ba, ko shekara ka yi kana tono ba za ka samu ba. Kafin tafiya a duba taswirar duwatsun yankin, wadda hukumomin binciken ƙasa ke bugawa, a ga ko shimfiɗar zamanin Mayosin ko farkon Filayosin, wato zamanin da megalodon ya rayu, ta fito sarari a wurin, ko kogi ya yanka ta.

Wuraren da aka fi sani, kuma baƙo zai iya shiga cikin doka, galibinsu a gabashin Amurka suke. A jihar Merilan akwai gaɓar Calvert, dogon bangon laka mai kimanin mil 24 a bakin mashigin Chesapeake, inda ruwa ke zaizayar bangon yana zubo da haƙora bakin yashi. A Karolina ta Arewa akwai garin Aurora mai babban ramin haƙar fosfet. Ba a shiga ramin, amma gidan tarihin garin yana zuba tarin ƙasar da aka kwaso daga can don kowa ya tona. Nan ne ya fi dacewa da mai koyo da kuma yara, domin ido na saurin sabawa. A Fulorida akwai kogin Peace, a wajejen Arcadia da Wauchula da Zolfo Springs, da kuma bakin tekun Venice. A Karolina ta Kudu akwai kogin Cooper na masu nutso. A yamma kuma akwai tudun Sharktooth kusa da Bakersfield a Kalifoniya, inda ake biyan kuɗi a tona a fili mai zaman kansa. Megalodon ba shi da yawa a can, kuma ƙurar wurin na iya ɗauke da ƙwayar cutar huhu da ake kira zazzaɓin kwari, don haka a sa takunkumi, a kuma yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a tona.

Ana samun haƙoran a Peru da Cile da Malta da yammacin tsibirin Jaba na Indunusiya da yankin Antwerp a Beljiyam, amma samuwarsu daban, halaccin ɗauka daban.

Doka kafin shebur

A Amurka kowace jiha da nata tsarin, kuma mai fili shi ne da abin da ke cikin filinsa. Ba a shiga gonar wani ko filin gini ko ramin ma'adinai sai da izini, zai fi kyau a rubuce. A gandun daji na ƙasa ba a ɗaukar komai, kuma dokar tarayya ta 2009 ta hana kwasar burbushin dabbobi masu ƙashin baya a filayen gwamnatin tarayya sai ga masu bincike da ke da izini. Haƙorin shak yana cikin wannan rukuni.

A Fulorida haƙoran shak ba sa buƙatar lasisi. Sai dai rariyar da ta kamo haƙori ita ce za ta kamo ƙashin ayu da haƙorin tsohon doki da guntun haƙorin giwa, waɗannan kuwa sai da lasisi idan a ƙasar jiha ko kogunanta aka same su. Dala 5 ne a shekara, daga gidan tarihin halittu na Fulorida da ke Gainesville, kuma mai lasisin zai kai rahoton abin da ya samu. Kan kibiya da guntun tukunya na mutanen da kuwa, a mayar da su inda aka gan su, ɗaukar su daga ƙasar jiha laifi ne. A Karolina ta Kudu duk mai ɗauko abu daga ƙarƙashin ruwan jiha sai ya mallaki lasisin masu sha'awa, da hannu zai tsinta ba tono ba, kuma duk wata uku zai miƙa rahoto. A Calvert abin da ya faɗo bakin yashi ake tsinta, ba a taɓa bangon. Peru da Cile da Malta kuwa sun ɗauki waɗannan abubuwa dukiyar ƙasa, fitar da su ba izini laifi ne. Dokokin na sauyawa, a tambayi hukumar wurin kafin ranar tafiya.

Tsintuwa a bakin teku

A gaɓar gabashin Amurka ruwa na cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kimanin minti 50. A duba jadawalin wurin, a isa awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, a bi shi yana ja da baya ana duba abin da ya bari. Janyewar ta fi nisa a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. A Chesapeake iska ma na da tasiri: idan iskar arewa maso yamma ta yi kwana ɗaya ko biyu tana kaɗawa da ƙarfi a lokacin sanyi, takan kore ruwa daga mashigin, sai fili ya buɗe inda ba a saba takawa ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan guguwa ma lokaci ne mai kyau, saboda sabuwar ƙasa ta zubo an kuma motsa yashi. Lokacin sanyi ya fi na zafi: ruwa ya fi haske, mutane sun ragu. Sai dai a sa dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji.

Ruwa yana bakace abin da ya kwaso, kowane abu ya kwanta tare da sa'o'insa a girma da nauyi. Inda yashi yake laushi da 'yan ƙananan ɓawon katantanwa, ƙananan haƙora ne a wurin. Mai neman babba ya nufi inda manyan tsakuwa da dunƙulen laka da guntayen ƙasusuwa suka taru. Baƙaƙen duwatsun fosfet masu sulɓi, da guntun haƙarƙarin ayu mai nauyi marar ɓargo, da ƙashin kifin wel mai ƙofofi, duk alamu ne cewa ka taka wurin da ya dace.

A yi tafiya a hankali, rana na gefe ko a baya. Hasken safiya da na yamma, da yake a kwance yake zuwa, ya fi fito da sheƙi da inuwar gefen haƙori. Da wuya a ga haƙorin a shimfiɗe gaba ɗayansa. Abin da ido zai kama shi ne kusurwar saiwa da ta leƙo daga yashi, ko miƙaƙƙen layi mai sheƙi a tsakanin abubuwa masu lanƙwasa, ko wani baƙi da ya fi na kewayensa ƙyalli idan igiyar ruwa ta koma. Duk abin da ya ɗan ja hankalinka, juya shi. Ka duba gindin itatuwan da suka faɗo da bayan manyan duwatsu, nan abubuwa masu nauyi ke maƙalewa. Idan ka kai ƙarshe ka juyo, ka sake bin sawunka, domin haske ya sauya kuma ruwa ya sake juya tsakuwar.

Haɗarin Calvert guda biyu ne. Bangon yana ruftowa ba sanarwa, musamman bayan ruwan sama ko narkewar ƙanƙara, don haka ba a zama ko tsayawa a gindinsa. Sannan akwai wuraren da idan ruwa ya ciko yakan kai har jikin bangon, ya datse wa mutum hanyar komawa. Ka san lokacin juyawarka tun kafin ka fara tafiya.

Rairaya a kogi

Nan ne aikin ƙarfi yake, kuma nan ne mai haƙuri ya fi samu. A kogin Peace lokacin aiki shi ne rani, wajen ƙarshen shekara zuwa Afrilu ko Mayu, kafin ruwan sama ya dawo. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka na nuna tsayin ruwan kogin a intanet kullum. Idan ruwa ya wuce ƙugu a inda za ka tsaya, ko yana jan ƙafarka, ranar ba ta aiki ba ce.

Rariyar da kanka za ka haɗa. A sami katako mai faɗin inci 4, a yi firam mai santimita 45 a 60. Wadda ta fi haka girma, idan ta cika da jiƙaƙƙiyar tsakuwa, za ta karya maka baya kafin azahar. A shimfiɗa ragar waya marar tsatsa a ƙasa, a buga ta da ƙananan ƙusoshi, sannan a bi bakin ragar da siririn katako a rufe, in ba haka ba tsinin wayar zai yayyanka hannu. Idon raga iri biyu ake amfani da su. Mai rubu'in inci, wato milimita 6, yana riƙe ƙananan haƙora amma aiki na tafiya a hankali. Mai rabin inci yana zubar da ƙananan, amma za ka tace ƙasa mai yawa cikin ɗan lokaci, kuma shi ya fi dacewa da wanda megalodon kawai ya kawo shi. Wasu na ɗora mai rabin inci a kan mai rubu'i su ci riba biyu. A ɗaura dogayen sandunan soso, irin na masu koyon iyo, a gefuna huɗu don rariyar ta tsaya a kan ruwa, a kuma sa mata igiya a ɗaure a ƙugu ko a turke.

Sauran kayan: shebur mai dogon ƙota da tsinin baki, sandar ƙarfe siririya mai tsawon mita ɗaya da ɗan kai, jaka mai zif da ake ɗaurawa a ƙugu, takalmi rufaffe, safar hannu, hula, da ruwan sha mai yawa. Idan an huda bakin shebur ɗin wurare da dama, ruwa zai tsiyaye kafin a ɗaga, nauyi ya ragu.

Da sandar ƙarfen ake neman wuri. Ka riƙa soka ta a ƙasan kogi kana tafiya. A yashi shiru za ta nutse. A laka za ta kama, ta yi nauyin zarewa. A tsakuwa kuwa za ka ji ƙaras-ƙaras har cikin tafin hannunka, ko da yashi ya rufe ta da taƙi guda. Wuraren da suka fi tara tsakuwa su ne cikin kwanar kogi inda ruwa ke lafawa, da bayan kututturen da ya faɗa ruwa, da ramukan da ke jikin dutsen ƙasan kogi. Idan ka ga 'yan tsibin tsakuwa wankakkiya a jere, wani ya riga ka, tarkacen rariyarsa ne. Matsa gaba.

Ka tsaya rariya tana gefen da ruwa ke gangarawa, don ruwan da ka dama ya tafi ya bar ka da mai haske. Ka kwashe yashin sama ka zubar gefe. Shebur uku ko huɗu sun ishi rariya ɗaya. Ka girgiza ta cikin ruwa har yashi ya ƙare, ka baza tsakuwar da tafin hannu ta zama shimfiɗa ɗaya, ka duba daga kusurwa zuwa kusurwa, ka juya ta ka sake dubawa. Idan rariya biyar ko shida ba su ba ka ko ƙaramin haƙori ba, ko baƙin fosfet, ka tashi daga nan. Idan ƙanana na fitowa, ka ci gaba da nutsawa a rami guda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwasar sama-sama. Abu mai nauyi ƙasa yake gangarawa, sai ya tarar da laka mai tauri ko dutse ya tsaya. Taƙin ƙarshe na tsakuwa, wanda ke kwance a kan wannan taurin, shi ne mai manyan haƙora. Idan ka kai can ka kwantar da bakin shebur ka kankaro a hankali. Sara da ƙarfi shi ke raba haƙorin da ya yi shekara miliyan 10 lafiya gida biyu.

Ba a tona gaɓar kogi, a cikin ruwa kawai ake aiki, kuma in an gama a tura tsakuwar a cike ramin don kada na baya ya faɗa. Akwai kadoji a kogunan Fulorida, da macizai. Kada ka je kai kaɗai, kada ka shiga ruwa da asuba ko da almuru, kada ka je da kare. Da ka ji tsawa, fito. Mai sabon rauni a ƙafa ya haƙura da shiga ruwan gishiri mai ɗumi, akwai ƙwayar cuta mai saurin ci a irin wannan ruwa.

Nutso

Manyan haƙora mafi yawa daga masu nutso suke fitowa, amma wannan ba aikin mai koyo ba ne. A Venice zurfin bai cika wuce ƙafa 35 ba, kuma akwai jiragen ruwa masu kai mutane da jagora, nan ya kamata mai takardar shaidar nutso ya fara. Kogin Cooper baƙi ne wuluk, tocila ba ta nuna abin da ya wuce tsawon hannu, ga ƙarfin ruwa da ke sauyawa da cikar teku. A tekun da ke gaban Wilmington ta Karolina ta Arewa kuma zurfin ya kai ƙafa 100, mil da yawa daga tudu, inda mintocin zama a ƙasa ƙidayayyu ne. Abin da ke halaka mutane a nan shi ne shagala da tsintuwa har a manta da duba ma'aunin iska.

Wanki

Haƙorin da ya fito daga ruwan gishiri, a jiƙa shi a ruwan daɗi na mako ɗaya zuwa biyu, ana sauya ruwan kullum. Idan aka bar gishirin ya bushe a ciki, zai yi ƙwaya a ƙofofin saiwa ya riƙa tsattsaga ta, bayan wasu 'yan watanni a ga ɓawon na ɓamɓarewa. Bayan jiƙo a goge da burushin haƙori mai laushi da ruwa. A shanya a inuwa na kwanaki. Rana ko na'urar busarwa na sa waje ya bushe kafin ciki, sai haƙori ya dare. Wanda aka tono daga busasshiyar ƙasa, irin ta Bakersfield, kada a tsoma shi a ruwa kai tsaye, saiwarsa na iya marmashewa. Da busasshen burushi da tsinken katako ake bin sa.

Idan halittun teku masu ɓawo sun manne a jiki, a fara ɓamɓare su da tsinken katako ko na roba. Abin da ya ƙi, a gauraya ruwan khal, wato binega ta girki, da ruwa rabi da rabi, a tsoma na minti 10 zuwa 15, a ciro a goge, in da saura a maimaita. Binega ta fi saurin cin ɓawon katantanwa, amma tana cin haƙorin shi ma a hankali, saiwa da burlet ta fi yi wa lahani. Wanda ya bar haƙori ya kwana a ciki zai tarar da saiwa ta yi fari fat tana gari, kuma ba ta dawowa. Bayan binega a jiƙa a ruwa mai tsabta na yini guda, ana sauyawa. Bilic, burushin waya, takardar yashi, man girki da fentin farce, duka a nisanta su da haƙori.

Saiwa mai marmashi ana ƙarfafa ta da Paraloid B-72, wani gam mai kama da ƙwayoyin roba da gidajen tarihi ke amfani da shi. A narkar da giram 5 a cikin mililita 100 na asiton, wato sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi. Idan aka zuba ƙwayoyin kai tsaye sukan dunƙule a gindin kwalba, gara a ƙulla su a ɗan ƙyalle mai raga a rataya a cikin asiton ɗin su kwana. A shafa da ƙaramin burushi a saiwa kawai, a bari ta tsotse. Dole haƙorin ya bushe sarai, in da danshi a ciki gam ɗin fari zai yi kamar hazo. Don liƙa haƙorin da ya karye kuma, a dama shi da kauri, kusan rabi da rabi a awo, a haɗa gutsattsarin a kafa su cikin kwanon yashi har su kama. Amfanin wannan gam shi ne asiton na warware shi duk ranar da aka so gyara. Asiton na kama wuta, a yi aikin inda iska ke shiga.

Awo da takarda

Ana auna haƙori ne a karkace, daga tsini zuwa ƙarshen reshen saiwa mafi nisa, a ɗauki gefen da ya fi tsawo. A yi amfani da ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke auna kaurin ƙarfe da shi, domin rula na ƙara ko rage 'yan milimitoci, kuma a kusa da inci 5 ko 6 'yan milimitocin nan suna sauya daraja sosai.

Kowane haƙori a ba shi lamba, a rubuta a littafi: wurin da aka samu, sunan kogi ko gaɓa, kwanan wata, shimfiɗar ƙasa in an san ta, tsawo da faɗi, da duk wani gam da aka shafa. A yi hakan ranar da aka dawo, tun ba a cakuɗa na wurare biyu ba. Haƙorin da ba a san inda ya fito ba ya zama kayan ado kawai, masani ba zai iya komai da shi ba. A ajiye kowanne a gurbinsa a kan soso, kada su riƙa gogar juna tsaga-tsagar ta karye. Waɗanda ke da ɗigon ma'adini mai ruwan zinariya a jiki suna buƙatar busasshen wuri. Idan danshi ya yi yawa za a ga farin gari ko rawaya na fitowa da warin farar wuta, a ware wannan nan take a rufe shi a mazubi da ƙunshin silika mai tsotse danshi. Idan kuwa ka tarar da haƙora da yawa masu launi ɗaya a wuri guda, ko ƙashin wel mai sawun cizo, ka ɗauki hoto yadda suke ka sanar da gidan tarihi mafi kusa kafin ka motsa su.

Idan saye za a yi

Haƙorin roba zalla ba shi da wuyar ganewa: ba shi da nauyi, ba shi da sanyin dutse a hannu, wani lokaci har layin mazubi ana gani a gefe. Wanda ya fi yaudara shi ne na gaske da aka yi wa ciko: an gina rabin saiwa da gam da garin dutse, ko an ƙara tsini don ya haura inci 6, ko an zana burlet da fenti, ko an haɗa kan wani da saiwar wani. Ana yawan ganin irin wannan a manyan haƙoran Indunusiya da kuma Otodus na Maroko. Gyara ba laifi ba ne in an faɗa, ɓoyewar ce cuta.

A duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Saiwa ta gaske tana da ƙananan ƙofofi barkatai, ciko kuwa sumul yake ko kuma ya yi kama da yashin da aka manna. Ɓawon gaske yana da siraran tsagu da ke bin tsawon haƙori, a duba ko sun katse kwatsam a wani wuri. A bi tsaga-tsagar gefe ɗaya bayan ɗaya, inda aka sassaƙa da hannu girmansu na sauyawa. A haska tocila mai hasken UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, a ɗaki mai duhu, sau da yawa gam da fenti na fito da launi daban da na sauran haƙorin, kodayake akwai cikon da ba ya nunawa. In mai kaya ya yarda, a goga auduga mai ɗan asiton a inda ake zargi: idan launi ya biyo audugar ko wurin ya yi danƙo, an taɓa shi. Haƙorin da aka goge da inji har ya zama madubi kuwa, yawanci ɓawonsa ne ya lalace aka kankare shi, masu tarawa ba sa ba shi darajar wanda aka bari yadda yake. Kafin ka biya, ka nemi hoton fuska biyu da na gefe tare da ma'auni a jiki, da sunan wurin da aka samo shi, da amsa a rubuce kan ko an yi masa gyara.